'Yan Ƙofar Gefe

A kowace shekara, idan aka buɗe sabon zangon karatu a wannan jami'a tamu, akan ga waɗansu baƙin fuskoki a aji biyu waɗanda babu wanda ya san su a aji ɗaya. Yawancinsu sun ɗan manyanta, wasu da gemu, wasu da goyo, kuma sukan zauna a layin gaba suna rubuta duk abin da ya fito daga bakin malami, sai ka ce za a ƙwace musu shi. To, mu ne waɗannan mutane. Mun shigo ne ta hanyar da ake kira shiga kai-tsaye, bayan mun yi shekara uku a kwalejojin ilimi mun sami takardar shaidar malanta ta ƙasa, wato NCE. Sunan hanyar yana da daɗin ji, amma wanda ya bi ta ya san kwana-kwanar da ke cikinta.

Ba dukanmu ne son alli ya kai kwaleji ba. Wasunmu makin jarrabawar shiga jami'a ne ya gaza musu da kaɗan. Wasu kuwa makin ya kai, aljihun mahaifi ne bai kai ba, ga kuma kwaleji kusa da gida, ana iya zuwa a dawo a ci tuwon dare. Da yawanmu 'ya'yan Sabo ne na Ibadan da Shagamu, ko na Agege da Idi-Araba a Legas, kuma mun sami Hausa a kwalejojin kudu ne albarkacin Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta nemi yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku ban da nasa. Sai aka buƙaci malaman Hausa a ƙasar Yarbawa, mu kuma muka ce ga mu.

Su kansu kwalejojin suna da asali mai daraja. Rahoton kwamitin Ashby na 1960 shi ne ya share fagen kafa manyan kwalejojin horon malamai a Legas da Ibadan da Zariya da Owerri da Kano a farkon shekarun 1960, domin ƙasa ta sami malaman da suka fi masu Giredi Biyu, ko da ba su kai masu digiri ba. Wato tun farko a tsakiya aka ajiye mu. Hausawa kan ce jemage ba ka tsuntsu ba ka dabba, kuma babu ranar da wannan magana take dawo wa mai NCE kamar ranar da ya sayi fom ɗin neman jami'a.

Fom ɗin daga hukumar JAMB ake sayensa, hukumar da aka kafa a 1978, kuma cika shi ba wani abu ba ne. Abin da ke biye ne aiki. Jami'a ba ta karɓar cikakken sakamako daga hannun ɗalibi, sai kwalejinsa ta aiko da shi da kanta. Nan ne mutum zai san ƙofar ofishin magatakarda fiye da ƙofar ɗakinsa. Yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce babu wuta, jibi a ce an aika. Ka biya kuɗin mota ka zo jami'a, a buɗe fayil a nuna maka babu kome a ciki. Akwai a cikinmu wanda ya rasa shekara guda cur a tsakanin waɗannan ofisoshi biyu, alhali sakamakonsa ya fi na kowa a ajinsu. Bayan wannan kuma ga tantancewa, domin masu takardun bogi sun ɓata wa kowa suna, mai gaskiya ma sai ya jira a tabbatar da gaskiyarsa.

Sai kuma maganar gurbi. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimin zamani. A nan ɗan Sabo kan ga abin mamaki. An haife shi a Ibadan, can aka yi masa kaciya, can kakansa yake kwance, amma takardar asalinsa tana ɗauke da sunan jihar da bai taka ba sai sau biyu, zuwa biki da zuwa ta'aziyya. Saboda haka ba ya cikin 'yan kewaye. Wani lokaci takardar nan ta taimake shi ta kashi 20 ɗin, wani lokaci kuma ta bar shi a rana.

To, a ce an dace, suna ya fito. Yanzu mai karatu ya ɗauki alƙalami mu yi lissafi tare. Shekara uku muka yi a kwaleji, jami'a ta karɓe su a matsayin shekara ɗaya, ta ajiye mu a aji biyu. Sauran shekara uku ke nan a gabanmu. Abokinmu da muka gama sakandare tare, wanda ya shigo ta babbar ƙofa, shekara huɗu zai yi. Mu shida, ban da shekarun jira da na yajin aiki. Har wa yau sai mun koma mun ɗauki darussan bai-ɗaya na aji ɗaya a kan namu na aji biyu. Wanda kuwa ya haura shekara 30 kafin ya kammala, takardar afuwa za a ba shi a maimakon bautar ƙasa, ya rasa alawus ɗin shekara guda da wataƙila shi ne jarinsa na farko. Ba ma musun cewa wani ɓangare na karatunmu na kwaleji dabarun koyarwa ne, jami'a kuma tana da haƙƙin tsare martabar digirinta. Amma mun sha zama a aji ana koya mana tsarin sautin Hausa da muka riga muka ci jarrabawarsa, har muka koyar da shi, kuma babu wanda ya taɓa ɗora kwas a kan kwas ya auna mana.

Abin da ya sa wannan yake yi mana ciwo shi ne sanin cewa ana iya aunawar. A jihar Kalifoniya ta Amurka, a wannan shekara ta 1960 da Ashby ya miƙa rahotonsa, aka tsara manyan makarantun jihar ta yadda ƙananan kwalejojin unguwa masu shekara biyu za su zama matakalar hawa jami'a. Ɗalibi yakan yi shekara biyunsa a kusa da gida da kuɗi kaɗan, sannan ya nemi shiga aji uku kai-tsaye, shekarunsa biyu a lissafe. Akwai rubutacciyar yarjejeniya da ke nuna kwas kaza na kwaleji daidai yake da kwas kaza na jami'a, kuma shida daga cikin rassan Jami'ar Kalifoniya suna yi wa ɗalibi alƙawarin gurbi tun yana kwaleji, muddin ya cika sharuɗɗa. Rassan da aka fi rububi, irin su Berkeley, ba sa cikin masu alƙawarin. Can ma sai an yi gumi. Sai dai mai gumin ya san abin da ake nema a wurinsa tun ranar farko.

Duk da haka ba hannu rabbana muka shigo ba. Kowannenmu ya yi koyarwar gwaji, ya tsaya a gaban yara masu yawan gaske a ajin da ba ya da isassun kujeru, ya bayyana wa ɗan Bayarabe bambancin "baba" da "baɓa" da "babba" har ya gane. Shi ya sa idan an zo gabatar da takarda a aji, ƙannenmu da suka shigo tun aji ɗaya sukan turo mu gaba. Su ne kuma suke kiranmu "Malam", rabi girmamawa rabi tsokana, mu kuma mukan amsa duka biyun. A madadin haka su suke nuna mana inda ɗakin karatu yake, da malamin da ba a shiga ajinsa a makare.

A shekarar 2023 an sa hannu a kan dokar da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri tare da NCE. Tun daga nan ƙannenmu da ke can suke bugo mana waya suna tambaya: su tsaya su ƙarasa a inda suke, ko su biyo sawunmu? Mukan ce musu tsayawar za ta hutar da su zirga-zirgar ofis da kuɗin mota da na haya. Da yawansu sukan saurara har ƙarshe, su yi godiya, sannan su tambaye mu ranar da za a fara sayar da fom.