Kasuwar Katako da Ƙyalle

Bahaushe ba baƙon kasuwa ba ne. Tun kafin yaro ya haddace bāƙi da wasali ya san ranar da kasuwar garinsu take ci, ya san rumfar mai ƙosai da ta mai alewa, ya kuma san a can ake jin labarin duniya. Sai dai akwai wata irin kasuwa a ƙasashen Jamusawa wadda ba ta ci sai sau ɗaya a shekara, cikin tsananin hunturu, a yi kusan mako huɗu ana hada-hada, sannan a kwashe rumfuna kamar ba a taɓa kafa su ba. Ita ce kasuwar Kirsimeti. Abin da ya fi kusa da ita a wurinmu shi ne kasuwar jajiberen Salla, domin asalinta ke nan: wurin da magidanta ke sayen nama da kayan biki da 'yan tsarabar yara. Ta birnin Diresdin ta faro tun 1434. Ta birnin Nurembag kuwa, wadda za mu ba mai karatu labarinta, tana cikin waɗanda suka fi suna a duniya, kuma kimanin mutum miliyan 2 ke ziyartarta kowace shekara.

A shekarar 2024 aikin bincike ya kai mu garin Bairoit na jihar Bavariya, inda jami'ar garin ta daɗe da yin fice wajen nazarin Afirka da harsunanta. Mun tafi da 'ya'yanmu uku: babbar tana da shekara 11, mai bi mata namiji yana da 8, auta kuwa 4. Tun da watan Disamba ya kama gida ya ƙi zaman lafiya. A makaranta kowane yaro yana da kalandar kwali mai ƙofofi 24, kullum a buɗe ɗaya a ciro cakulan, ana ƙidayar kwanakin da suka rage. Ranar 6 ga wata 'yan ajinsu suka zo da labarin takalman da suka ajiye a bakin ƙofa, suka wayi gari an cika musu da alewa. Wata rana da dare ɗan namijin ya dube mu ya ce, "Baba, mu don ba mu da kuɗi ne ba ma yin Kirsimeti?"

Tambayar ta tsaya mana a rai. Hanya mafi sauƙi ita ce mu ce masa ba namu ba ne, mu rufe zancen. Amma mun san yaron da aka hana leƙen abu, ko dai ya girma da kwaɗayinsa a ɓoye, ko ya girma da raina masu shi, kuma ba mu so ɗaya daga cikin biyun ta sami 'ya'yanmu. A gida Nijeriya, a unguwar ma'aikatan da muke zaune, ba mu taɓa fuskantar wannan ba, domin ranar Kirsimeti maƙwabta kan aiko mana da shinkafa da kaji, mu kuma ranar Babbar Salla mu aika musu da nama, kowa ya san nasa ya san na ɗan'uwansa. A Jamus kuwa yaranmu su kaɗai ne a ajinsu, bikin ya kewaye su ta ko'ina. Saboda haka muka yanke shawarar mu kai su tsakiyar abin, su gani da idonsu muna riƙe da hannunsu. Gani ya kori ji.

Ranar Juma'a 13 ga Disamba muka shiga jirgin ƙasa, cikin kimanin sa'a guda muka sauka a Nurembag, muka kama masauki na kwana biyu kusa da tasha. Kafin mu fita muka yi wa yara shiri irin na mai zuwa yaƙi: riga kan riga, safar hannu, hular sanyi, da takarda mai ɗauke da lambar wayarmu a aljihun kowa. Muka kuma yi yarjejeniya uku. Ba wanda zai saki hannu, ba wanda zai sa wani abu a baki sai ya tambaya, kuma kowa Yuro 10 ne rabonsa, in ya ƙare ya ƙare. A wannan lokaci rana kan faɗi a garin tun wajen ƙarfe 4:20 na yamma, don haka azahar da la'asar da magariba suka zo kusan a jere. Muka sallace su a masauki, muka fita cikin duhu alhali a lissafin gida ko shanu ba su dawo kiwo ba.

Kasuwar tana ci ne a babban dandalin tsohon birni, gaban wata coci da ake kira Frauenkirche. Rumfuna ne na katako wajen 180, kowace da rufin ƙyalle mai ratsin ja da fari, shi ya sa mutanen garin ke yi mata kirari da ƙaramin birnin katako da ƙyalle. Tun daga nesa ƙamshin kirfa da kanumfari da soyayyen sukari ke tarbar mutum. Auta, da ke bisa wuya, ta ga fitilu sun cika ko'ina, ta ce, "Umma, taurari sun sauko." A rumfunan akwai mala'ikun ado na takardar zinariya, da ƙwallayen gilashi na rataya wa bishiya, da 'yan mutum-mutumi da ake haɗawa da busassun 'ya'yan itace, a yi musu kai da ƙwallon gyaɗar Turai, a sa musu tufafi. Hukumar birnin tana sa ido ƙwarai kan abin da ake kasawa, ba ta yarda da tarkacen roba da kiɗan lasifika a wannan dandali, don kada kasuwar ta rasa kamanninta na dā.

Batun abinci shi ne jarrabawarmu ta farko. Abin da garin ya fi shahara da shi wani ɗan tsiren nama ne mai tsawon yatsa, ana jera uku cikin burodi, kuma na alade ne. Abin shan da kowa ke riƙe da shi kuwa giya ce da aka ɗumama da kayan ƙamshi. Ɗan namijin ya tsaya gaban mai gashi yana haɗiyar yawu, sannan ya yamutsa fuska ya ce da ƙarfi da Hausa, "Ƙazanta!" Nan muka ja shi gefe. Muka ce masa, "Kai, ba a faɗin haka. Mu an hana mu, mun bari don biyayya ga Ubangijinmu. Su abincinsu ne, kuma a garinsu muke. Za ka so wani ya ga kana cin fara ya ce ƙazanta?" Ya yi shiru, ya girgiza kai. Daga nan muka nemi abin da ya halatta, muka same shi da yawa: almon da aka soya da sukari kamar gyaɗarmu mai suga, da wani ruwan 'ya'yan itace mai zafi da ake yi don yara, babu giya a cikinsa, da kuma Lebkuchen, wainar zuma da garin ya yi suna da ita tun ƙarnonin baya. Dalilin sunan nan biyu ne: dazuzzukan da ke kewaye da birnin sun wadata shi da zuma, fataken da ke zuwa daga Benis kuma sun wadata shi da kayan yaji. Babbar 'yarmu, da Jamusancinta ya fi namu, ita ta zama tafinta, tana tambayar masu rumfa ko akwai giya ko kitsen alade a cikin kaya. Ba wanda ya ɗaure mata fuska. Wata tsohuwa ma ta ɗauko kwalin ta karanta mata abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya.

Wani abu da ya burge mu shi ne tsarin kofi. In ka sayi abin sha za a ba ka a kofin tangaran, ka biya 'yan kuɗin jingina, in ka mayar a mayar maka da kuɗinka, in ka so kuma ka tafi da shi tsaraba. Da wannan 'yar dabara dubban mutane ke sha a fili ɗaya ba ka ga tulin shara ba. Muka tuna kasuwanninmu da leda ta cinye, muka yi ajiyar zuciya.

Washegari Asabar muka ba yara ranarsu. Akwai wani dandali a kusa da aka keɓe musu tun 1999, mai lilo mai hawa biyu da ƙaramin jirgin ƙasa da rumfunan da yaro zai gasa biskit ko ya yi wa kyandir ado da hannunsa. Da ƙarfe 12 na rana muka koma gaban coci, inda agogon da aka ƙera a 1509 ke fito da mutum-mutumin manyan hakimai bakwai suna kewaya Sarki Karl na Huɗu. A nan babbar ta ga hoton yarinyar da ake kira Christkind, mai rawanin zinariya da doguwar riga, ta tambaye mu ko wace ce. Muka gaya mata abin da muka sani: Martin Luther ne, a ƙarni na 16, ya karkatar da al'adar ba yara kyauta daga ranar waliyyi Nikolas zuwa jajiberen Kirsimeti, aka ce wannan halitta ce ke kawowa. Tun 1969 birnin ke zaɓen budurwa 'yar shekara 16 zuwa 19 duk bayan shekara biyu, ita ke buɗe kasuwa daga saman benen coci, ta kuma ziyarci asibitoci da gidajen tsofaffi. Sai ta ce, "To Baba, dole sai fara?" Muka ba ta labarin Benigna Munsi, wadda mahaifinta ɗan asalin Indiya ne, da aka zaɓa a 2019. Wani reshen jam'iyyar AfD ya yi mata habaicin wariya a Facebook, amma magajin garin na lokacin, Ulrich Maly, da dubban jama'a suka tsaya mata, har reshen ya goge maganar. Yarinyar ta jima tana kallon hoton ba ta ce komai ba.

Mu manya kuwa akwai abin da muka sani game da ƙasar da muke takawa wanda ba mu faɗa wa ƙananan ba. Wannan dandali unguwar Yahudawa ce a dā. A watan Disamba na 1349, da yardar sarkin nan da agogo ke girmamawa, aka rushe unguwar, aka kashe mutum 562, aka gina cocin a inda wurin ibadarsu yake. A 1933 kuma gwamnatin 'yan Nazi ce ta dawo da kasuwar wannan fili bayan ta yi shekaru a wasu wurare, domin ƙawata birnin da suke taronsu na shekara. Yaƙi ya tsayar da ita, bama-bamai suka rugurguza tsohon birni a Janairun 1945, aka sake buɗe ta a 1948 cikin kufai. Babbar kaɗai muka gutsura wa wannan, domin ta kai munzalin sanin cewa mutanen da ke zaune lafiya da maƙwabtansu yau suna iya tashi gobe su ƙone su, in aka bar masu zuga suka yi ta zuga. Mu da muka fito daga ƙasar da ta ga irin wannan a Kaduna da Jos, ba mu da bakin yi wa kowa gori.

Ranar Lahadi kafin mu koma muka shiga babban gidan tarihin Jamusawa da ke birnin, inda aka adana wani ɗan akwatin katako mai rubutun shekarar 1628, wanda shi ne shaida mafi tsufa ta kasuwar. A hanya muka gaya wa yara cewa garin nan da Kano sun san juna tun kafin a haifi kakannin kakanninsu. Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, da ya isa Kano a 1851 ya tarar ana sayar da allurai da madubai ƙirar Nurembag, waɗanda raƙuma suka ƙetaro da su Sahara. Ɗan namijin ya yi dariya ya ce ashe allura ta riga mu zuwa, ita ta je can mu mun zo nan. Da ragowar Yuronsa ya sayi wainar zuma guda biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta abokinsa na aji.

Kwana biyar da komawarmu Bairoit, ranar 20 ga Disamba, wani mutum ya kutsa da mota cikin kasuwar Kirsimeti ta birnin Magdebag. Mutum 6 suka rasa rayukansu, cikinsu har da yaro ɗan shekara 9, ɗaruruwa suka jikkata. Sai a lokacin muka fahimci nauyin manyan shingayen da muka gani a mashigar kasuwar Nurembag, da 'yan sandan da ke tsaye cikin sanyi, matakan da aka tsaurara tun bayan harin Barlin na 2016. A daren ba mu yi barcin kirki ba. Muna ta tuna auta bisa wuya, da hannun ɗan namijin cikin namu, da iyayen wancan yaro da su ma suka fita da shi don ya ga fitilu. Da safe maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Bajamushiya, ta ƙwanƙwasa ƙofa da faranti cike da biskit ɗin da ta gasa, ta ce ta tabbatar babu abin da ba ma ci a ciki. Muka karɓa, muka yi mata ta'aziyyar mutanen ƙasarta, ta zauna ta sha shayi tare da mu.

Yanzu mun dawo gida. Da Babbar Sallar 2025 ta zo, ɗan namijin da kansa ya ɗauki kwanon nama ya zaga gidajen maƙwabtanmu Kirista, ya kuma dawo yana ba mu rahoton wanda ya samu da wanda bai samu ba. Kofunan tangaran guda uku suna nan a kabad, yara na shan kunu da su lokacin sanyi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu ba da hakkinsu ba a ko'ina suke, ya raya mana zuriya bisa sanin nasu da mutunta na wasu, amin.