Aikin Gayya a Cikin Kwamfuta

Ni ba Bahaushiya ba ce. Da Barbarci na buɗe baki a unguwar Gwange, Hausa kuwa a layi da makaranta na tsince ta, har ta kawo ni Jami'ar Maiduguri ina nazarinta. Saboda haka duk lokacin da aka zo batun ƙirƙirar sababbin kalmomi a aji, nakan ja bakina in yi shiru, ina ganin wannan hurumin 'yan gado ne.

Abin da ya sauya mini tunani daga shagon yayana ya faro, mai gyaran rediyo da inbata. Tun da aka farfasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu a watan Janairun 2021, jama'a suka koma ga sola, aiki ya yi masa yawa. Sai dai da ƙona kaya yake koyo: ya haɗa, ya jona, hayaƙi ya tashi, kuɗi su tafi. Ana nan sai wani abokinsa ya sa masa KiCad a kwamfuta.

Ga wanda bai sani ba, KiCad manhaja ce da wani malami a Faransa, Jean-Pierre Charras, ya fara a 1992. Da ita ake zana haɗin kayan lantarki, kuma tun 2018 tana gwada haɗin ta hanyar ngspice, jikar SPICE da aka ƙirƙira a Jami'ar Kalifoniya a 1973. Wato kwamfuta za ta lissafa wutar da za ta bi kowace waya kafin a taɓa ko batir ɗaya. Kyauta ce, kuma a buɗe take: wani ya gyara kuskure, wani ya fassara zuwa harshensa. A taƙaice, aikin gayya ne.

Matsalar ita ce Turanci, domin Yaya bai yi nisa a boko ba. Ni na zama tafinta. Rannan ya dube ni ya ce, “Malama, ke da kike karatun Hausa, me zai hana ki koya wa abin nan Hausa?” Dariya na yi, amma maganar ta hana ni barci. Na sauko da jerin jimlolin manhajar, na shiga fassara.

A farko na so in burge. Razista na kira shi “mai tauye wuta”, kafasita kuwa “rumbun caji”. Da na karanta masa, sai ya ce, “Malama, in na je Kasuwar Monday na ce a ba ni rumbun caji, batir za a miƙo mini.” Haka kuma alamar da ake auna sauran wayoyi da ita, wadda Turawa ke kira da sunan ƙasa, na fassara ta kai tsaye. Sai ga yaron shagon yana tambaya ko a rairayi zai binne wayar!

Daga nan na bar wa kayan sunayensu na kasuwa, na mayar da ƙarfina kan umarni da saƙonnin gargaɗi, irin su “Akwai wayar da ba a jona ba.” Kowace jimla sai na gwada ta a shago kafin in amince da ita. A nan ne koyon da na yi wa Hausa ya amfane ni, domin na san inda kalma ke sa mai koyo tuntuɓe, tun da ni ma na sha faɗuwa a wurin.

Har yanzu ban miƙa aikin ba, don jimlolin suna da yawa, kuma Hausar Maiduguri kaɗai ba ta isa alƙalanci ba. Ina bukatar kunnen Bakano da na Basakkwace. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu kwas ɗin fassara, ku zo mu haɗa hannu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba sai kun san lantarki ba. Wannan ɓangaren Yaya ya ɗauka.