Kukan Kwano da Kukan Katako a Japan

A kantunan Japan akwai wani sabulun wanke-wanke na ruwa da kamfanin Kao yake yi, sunansa Kyukyutto. An samo sunan ne daga ƙarar da yatsa yake yi idan an goga shi a jikin farantin da maiƙo ya fita daga gare shi sarai: kyukkyu. Uwargida a nan takan ja yatsa a kan kwano, in ta ji ya yi mata wannan ɗan kukan, to ya wanku. Mu a gida da ido muke yanke wannan hukunci. A ɗaga kwanon samira a rana, a ce ya fita fes, ko ya yi ƙal. Tun da na zo ƙasar nan wannan bambanci yake ba ni sha'awa, domin ya wuce maganar madafa.

Kyukkyu ɗaya ce kawai daga cikin dangi. Ita ce kuma ƙarar takalmin ɗan wasa a daɓen ɗakin ƙwallon kwando, da ta tsumma a jikin gilashi. Idan katako ne yake 'yar ƙara siririya in an taka shi, sai su ce kishikishi. Har gashin da sabulu ya ƙwace wa mai, ya yi kaushi a hannu, kishikishi ne. In ƙarar ta yi nauyi, kamar ta tsohon gado ko matakalar da ta sha jiki, ta zama gishigishi. Birkin keke da lilon yara kiikii suke yi, tsohuwar ƙofa mai tsatsa kuwa giigii. A rubuce, abin da ya raba ki da gi wasu 'yan ɗigo biyu ne a saman harafi, amma kowane yaro ya san cewa in an sa su abin ya fi girma, ya fi nauyi, ya fi muni a kunne. Sai mishimishi, wadda ba a son ji. Ita ce ƙarar ginshiƙi da rufin gida idan nauyi ya yi musu yawa, kuma da ita mutane suke ba da labarin daren da girgizar ƙasa ta tashe su daga barci.

Babba da yaro duk da waɗannan kalmomi suke magana, ba tare da jin cewa sun yi wasa ba. Mai mota zai gaya wa makanike wacce daga ciki yake ji, kuma makaniken ya san inda zai fara dubawa. Ƙamusun da Ono Masahiro ya shirya a 2007 ya tara irin waɗannan kalmomi 4,500, kowacce da rubutunta tsayayye da ma'anarta.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda suke daraja ƙarar kanta. A Kiyoto akwai fadar Nijo, wadda Tokugawa Ieyasu ya gina a 1603. Katakon barandarta yana tsuwwa in an taka, har suka kira shi uguisubari, suna danganta shi da kukan wani ɗan tsuntsu mai suna uguisu. Ƙusoshi ne da maƙalan ƙarfe suke gogar juna a ƙarƙashin katakon. An daɗe ana cewa da gangan aka yi shi don ya tona asirin mai shigowa a ɓoye, amma masana da yawa yanzu suna ganin tsufa ne ya sassauta ƙarafan. Ko ma wanne ne, ba wanda ya ce a gyara. Da a wajenmu ne, da tuni an kira kafinta, ko an ɗiga baƙin mai.

A arewacin lardin Kiyoto, a bakin teku, akwai Kotohikihama, inda yashi yake yin kyukkyu in ka ja ƙafa a kansa. Ƙwayoyin yashin ne suke gogar juna, kuma ba sa yi sai suna da tsabta. Ɗan maiƙo ko tokar sigari ya isa ya kashe ƙarar. A 1997 jirgin dakon man Rasha mai suna Nakhodka ya dare a teku, baƙin mai ya iso gaɓar, mutane suka fito suka kwashe shi da hannu. A 2001 aka hana shan taba a wurin baki ɗaya. Suna ma shirya wani taron kiɗa da ake shiga da sharar da mutum ya tsinto a maimakon tikiti. Gari guda ya ɗaure ɗamara don kada yashi ya yi shiru, kuma ni wannan ya burge ni ƙwarai.

Hausa ba ta da talauci a wannan fage. Amsa-kama ta cika bakinmu: fari fat, baƙi ƙirin, ya faɗi tim, ta cika maƙil, wuri ya yi tsit, gyaɗa tana garas-garas. Ƙamusun Bargery na 1934 ya ƙunshi ɗimbinsu. Sai dai a wajen ƙarar gugar abu da abu ba mu rarrabe sosai ba. Ƙofa tana kuka, gado yana ƙara, birki ya yi ƙiii, shi ke nan. Sauran sai mutum ya kwaikwaya da baki, kowa da irin tasa. Abin da yake damuna shi ne a rubuce. Tsohuwa mai tatsuniya za ta zuba amsa-kama goma a numfashi ɗaya, amma da zarar ɗan boko ya ɗauki alƙalami zai rubuta rahoto ko maƙala, sai ya kakkaɓe su kamar abin kunya. Marubutan littattafan hikaya na Kano su ne suka riƙe su, kuma ko a can, wannan zai sa wa ƙiii wasali uku, wancan ya sa bakwai.