Kai iyali ganin kogunan ƙanƙara na Norwe: ba a fafe gora ranar tafiya

Mutumin Maraɗi ko Damagaram ya san ƙanƙara iri biyu: wadda ke zubowa da ruwan farkon damina ta tsattsaga ganyen hatsi, da wadda ake saye a ƙulle cikin leda a bakin tasha. Akwai ta uku wadda ba ta zuwa wurin mutum, sai dai mutum ya je wurinta. Ita ce ƙanƙarar da ta taru bisa duwatsun arewacin duniya shekaru aru-aru, ta yi kauri, har nauyinta ya sa tana gangarowa sannu a hankali kamar kogi. Ƙasar Norwe, can ƙuryar arewacin Turai, tana cikin wuraren da jiragen ruwa ke kai iyalai ganin wannan abin al'ajabi. Amma tafiya ce mai cin kuɗi, kuma magidancin da bai yi bincike ba yana iya zuba jikkuna, ya wahalar da tsohuwarsa da ɗiyansa, ya komo gida bai ga abin da ya je gani ba.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne yanayin ƙasar. Gaɓar Norwe a tsattsage take, teku ya kutsa cikin duwatsu ta wasu dogayen kwazazzabai da ake kira fiyod. Ƙanƙarar zamanin da ce ta yashe su, da ta narke kimanin shekara 10,000 da suka wuce sai ruwan teku ya cika gurbin. Mafi tsawonsu, Sognefjord, ya kai kilomita 205, zurfinsa a wani wuri ya wuce mita 1,300. Biyu daga cikinsu, Geirangerfjord da Naeroyfjord, hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan gadon duniya a 2005. To, a nan ne masu tafiya da yawa ke ruɗuwa. Hoton talla yakan nuna jirgi da ƙanƙara tare, alhali a babban yankin Norwe kogunan ƙanƙara suna can bisa duwatsu, ba su kai bakin teku. Wanda ya zauna bisa jirgi zai ga duwatsu da ruwa mai zubowa daga sama, amma ƙanƙara sai an sauka an bi ta.

Saboda haka zaɓen jirgi ya rataya ga tambaya guda: a ina yake tsayawa, kuma awa nawa? Hanyoyin uku ne.

Ta farko ita ce ta manyan jirage masu ɗaukar dubban mutane, waɗanda ke tashi daga Hambug ko Kiel a Jamus, ko Kopenhagen, ko Southampton a Ingila, galibi na mako guda. Suna da ɗakin wasan yara, da likita, da abinci dare da rana. Mai son ƙanƙara sai ya duba ko sunan Olden yana cikin jerin tashoshi. Daga wannan ƙauye mota ke kai mutane kwarin Briksdal, kilomita 20 da ɗoriya, sannan a taka kimanin kilomita 3 da ƙafa, ko a shiga ƙananan motocin da aka tanada don masu rauni. A can ake ganin wani harshe na Jostedalsbreen, kogin ƙanƙara mafi girma a babban yankin Turai, wanda faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 450.

Ta biyu ita ce ta jiragen gaɓa. Tun 1893 jiragen Hurtigruten ke bin gaɓar ƙasar da fasinja da kaya, kuma a 2021 kamfanin Havila ya shiga hanyar. Daga Bergen zuwa Kirkenes, kusa da iyakar Rasha, tasha 34 ce, zuwa da komowa kwana 11 zuwa 12. Jirage ne matsakaita, ba su da shagalin manya, kuma a wasu tashoshin minti 15 kawai suke tsayawa. Ɗan kasuwa zai ji daɗinsu, domin zai ga yadda ake lodi da saukale, ya kuma ratsa tsibiran Lofoten inda ake shanya kifi bisa rumfunan itace, busasshen kifin nan da Nijeriya ke cikin manyan masu sayensa. Ta wannan hanya, a lokacin zafinsu, ake shirya fita zuwa Svartisen, na biyu a girma. Yaro ɗan shekara biyar kuwa zai ƙosa tun kwana na uku.

Ta uku ita ce Svalbard, tsibiran da ke tsakanin Norwe da ƙuryar arewa ta duniya, inda ƙanƙara ta rufe fiye da rabin ƙasa. Nan ne kogin ƙanƙara ke kaiwa cikin teku, ɓangarensa ya ɓalle ya faɗa ruwa da ƙara kamar aradu. Sai dai ita ce mafi tsada, ƙananan jirage ke zuwa, ana sauka a kwale-kwalen roba, kuma ba a fita bayan gari sai da jagora mai bindiga saboda wata babbar dabba fara mai cin nama da Faransawa ke kira urs. Ko a watan Yuli akwai sanyi a wurin. Ba tafiyar tsohuwa ko mai goyo ba ce.

Ke nan ma'aunin maigida shi ne mafi rauni cikin ayarinsa. Galibin kamfanoni ba su karɓar jaririn da bai kai wata 6 ba, ko mace mai cikin da ya kai mako 24. Wanda teku ke juya wa ciki, a nema masa ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, inda rangaji ya fi sauƙi. Cikin fiyod ruwa kwance yake, amma akwai wuraren da jirgi ke fita fili. A ranar 23 ga Maris 2019 injinan jirgin Viking Sky suka tsaya cikin guguwa a Hustadvika da mutum 1,373 a ciki, sai da jirage masu saukar ungulu suka kwashe fiye da 400. Shi ya sa iyali ya fi dacewa su tafi tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da teku ya fi lafawa, wanda kuma ya haɗu da hutun ƴan makaranta. Ko a lokacin a tanadi rigar ruwa da tufafin da ake ɗorawa bisa juna. Ruwan da ke sauka a Bergen cikin shekara ya wuce milimita 2,000, wato abin da Maraɗi ke samu a damina huɗu, kuma zafinsu na Yuli ya yi kama da safiyar ɗari a Tawa.

Sai maganar takardu, wadda ita ce ta kamata ta riga sayen tikiti. Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai, kuɗinta ma dabam ne, amma tana cikin yankin Shengen. Tun Yunin 2024 kuɗin bizar Shengen yuro 90 ne ga babba, kimanin jikka 59, yuro 45 ga yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12. Ana neman asirans, wato lamunin kuɗin magani, na aƙalla yuro 30,000, kuma ana iya ajiye takardu tun wata 6 kafin tafiya. Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024, don haka a fara tambayar inda za a kai takardun. Jirgin da ke tashi daga Southampton yana buƙatar bizar Ingila dabam. Mai zuwa Svalbard kuwa ya nemi bizar shiga sau biyu, domin tsibiran ba su cikin Shengen, kuma ta Norwe zai komo. Farashin da ke jikin talla ma ba shi ne ƙarshe ba: akwai jirgin sama, da ladan ma'aikatan jirgi da wasu kamfanoni ke lissafawa kowace rana bisa kowane kai, da kuɗin kowace fita, a ƙasar da ke cikin mafi tsadar rayuwa a duniya. Araha ba ta ado.

Akwai kuma abin da ɗan Nijar bai saba da shi ba. A Tromso rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Mayu har bayan tsakiyar Yuli. Yara ba su yarda dare ya yi, sai an rufe labule. Lokutan salla kuwa, malamai sun ba da mafita: a bi lokacin gari mafi kusa inda dare da rana ke rarrabuwa, ko a bi na Makka. Gara a tambayi malami tun a gida. Alƙibla ma a can kudu maso gabas take.

In an isa gaban ƙanƙarar, za a ga ba fara ba ce fat. Shuɗiya ce, domin nauyi ya matse iskar da ke cikinta. Kyanta na jan mutum ya matso, amma shingen da aka kafa ba na ado ba ne. A 2014, a Nigardsbreen, wani harshe na Jostedalsbreen, ƙanƙara ta rufto ta kashe wani magidanci da matarsa da suka ƙetare shinge, ɗiyansu na kusa. A riƙe hannun yara.

Abin da za su gani ma ba mai zama ba ne. A shekarun 1990 ƙanƙarar Briksdal ta ƙaru har ta rufe tabkin da ke ƙarƙashinta. Daga shekara ta 2000 ta shiga ja da baya saboda ɗumamar yanayi, tabkin ya fito fili, harshenta ya koma can sama jikin dutse. Yaron da ya tsaya gabanta, ya dace a gaya masa cewa ƙasarsa ma ta taɓa sanin irin wannan. Kimanin shekara miliyan 445 da suka wuce ƙanƙara ta lulluɓe yankin da ya zama Sahara, kuma masana duwatsu sun sami sawun gogarta bisa duwatsun Jado, a arewa maso gabashin Nijar.