Lemon da ya ceci aikinta a lokeshin

Duk wanda ya taɓa zuwa lokeshin a Kano cikin watan Afrilu ya san zafin ba na wasa ba ne, har digiri 40 yakan wuce. A irin wannan rana wata yarinya ta fara aikin walfiya. Furodusa ya ce mata, "Ke, babu kuɗin lemon kwalba fa. Ki san dabarar yi, in ba haka ba gobe ki yi zamanki a gida."

Sai ta tuna wani fim ɗin Amurka inda ta ga ana haɗa lemon tsami da wani ɗan itace wai shi fic, abin shansu na lokacin zafi. To ina fic a Kano? Amma ga mangwaro nan jibge a 'Yan Lemo. Ta markaɗa nunannu 15 ta tace, ta matse lemon tsami 20, ta tsince 'ya'yan don kada ya yi ɗaci. Ta narka sukari gwangwani 3 a ruwan zafi, ta juye duka a kula, ta ƙara ruwa da ƙanƙara.

Darakta ya kurɓa, ya yi shiru, can ya miƙo kofi: "Ƙanwata, ƙaro min."

Washegari ita aka fara bugo wa waya.