Shekarar da Boda Ta Shiga Tsakaninmu da Iya

Mahaifiyata 'yar ƙasar Magarya ce, a jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. An kawo ta aure ƙasar Roni tun kafin a ƙirƙiri jihar Jigawa a 1991, lokacin duk yankinmu yana cikin tsohuwar jihar Kano. Ba wanda ya kalli auren nan a matsayin auren 'yar wata ƙasa. Kakana na wajen uba fataucin dabbobi yake yi, in ya je saye arewa a gidan kakana na wajen uwa yake sauka, har abota ta zama surukuta. Irin wannan aure ba ya ƙirguwa a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa. Da wuya ka shiga unguwa ka rasa gidan da ke da goggo ko kawu a Magarya, ko Matamaye, ko cikin birnin Damagaram.

Ni ne ɗan fari, don haka da lokacin yaye ya yi, wajen kakata ta wajen uwa aka kai ni, wadda dukanmu muke kira Iya. A hannunta na tashi har na isa shiga makaranta. Maigidana take ce mini, kamar yadda kakanni suke tsokanar jikokinsu maza, kuma har na yi aure na haihu ba ta sauya ba. Zuwa wajenta bai taɓa zama tafiya ba a wurinmu. Mu bi ta Babura mu faɗa Babban Mutum a ƙasar Ɓaure, mu ƙetara Tinkim, sai Magarya. Wanda ya yi sammako a can zai yi azahar. Iyakar da muke tsallakawa Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta tsakanin 1906 da 1908, suka kakkafa ƙarafa a cikin gonakin mutanen da harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya.

A cikin azumin 2023 Allah ya yi wa kakana, mijin Iya, rasuwa. Da ni da mahaifiyata, Inna, muka tafi gaisuwa. Bayan sadakar bakwai, baƙi suka watse, sai maganar da kowa yake kauce wa ta taso: wa zai riƙe Iya? Ɗanta namiji guda ɗaya ne, Kawu, shi kuwa ya daɗe a Libiya yana aikin gini, da abin da yake aikowa ake cefane. Sauran 'ya'yanta mata suna gidajen mazajensu a ƙauyuka masu nisa. Ga hawan jini, ga yanar ido ta rufe mata ido ɗaya tana neman cin na biyu. Mahaifina ya aiko da saƙo cewa ɗaki na nan a Roni. Iya ta girgiza kai.

"Ni da zaman gidan suruki? Allah ya kiyashe ni. Gara in zauna nan, maƙwabta ba za su bar ni da ƙishirwa ba."

Duk wanda ya san kunyar Bahaushiya ya san ba taurin kai ba ne. Uwa takan bi ɗanta namiji, ba ta bin 'yarta gidan miji. A zauren gidan, gaban ƙannen marigayi, na durƙusa na nemi izinin magana. Na ce ina da gidan kaina a Kazaure inda nake koyarwa, kuma gidan jika ba gidan suruki ba ne. Babbansu ya daɗe yana jan carbi kafin ya ɗago.

"Yaro, riƙon tsoho ba baƙuncin kwana biyu ba ne. Akwai jinya, akwai rigima, akwai ranar da za ta manta alherinka ta yi maka faɗa. Za ka iya?"

Na ce, "Baba, da ikon Allah da addu'arku."

Aka kira Kawu a waya ya amince. Da aka shiga aka gaya wa Iya, sai ta ce in dai gidan maigidanta ne za ta je, amma ba inda za ta motsa sai ta fita takaba. Wata huɗu da kwana goma, lissafi ya faɗa tsakiyar Agusta. Na dawo Kazaure na shiga gyaran ɗakin da ke kusa da zaure. Na sa aka sassare dokin ƙofar don kada ta yi tuntuɓe, aka yi mata makewayi a gefen ɗakin. Maiɗakina ta sayi sabuwar tabarma da buta, ta ɗinka labule.

Ranar 26 ga Yuli sojojin fadar shugaban ƙasa suka tsare shugaban Nijar Mohamed Bazoum a Yamai, daga baya Janar Abdourahamane Tchiani ya hau mulki. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, suka ba sojoji wa'adin mako guda, har da barazanar amfani da ƙarfi. Nijeriya ta rufe boda, ta kuma yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. Iya ta fita takaba a makon da manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin iyaka, kayan gwari suna ruɓewa a cikinsu.

Ban taɓa ganin tsoro irin na watan nan a Kazaure ba. A masallatai ana ta alƙunutu, a majalisa ba a zancen komai sai yaƙi, domin kowa ya san in aka harba bindiga, a kan dangi za ta sauka. Jihohi bakwai ne na Nijeriya suke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, tsawon kilomita kusan 1,500. Mun bi labarin tafiyar Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar zuwa Yamai, da ganawar da Muhammadu Sanusi na Biyu ya yi da Tchiani tare da Sarkin Damagaram, da tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau. Allah ya kashe wutar yaƙi, amma boda ta ci gaba da zama a rufe.

Abin da rufin ya yi mana a gida ƙanana ne a idon gwamnati, manya a wurinmu. Maganin hawan jinin da nake saya a Kazaure in ba direba ya kai mata, sai ya koma hannun 'yan acaɓa masu bin daji, kuɗin aike ya fi kuɗin magani. Da ma an cire tallafin mai tun 29 ga Mayu, komai ya yi tsada. Naira ta yi ta faɗuwa, har a farkon 2024 jaka ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000, abin da nake turawa ya daina isa cefanen mako. In na kira wayar maƙwabcinta, sau da yawa a kashe take saboda rashin caji. Ran da na same ta, ita ce take ba ni haƙuri. Ta ce ta ga rufin bodar 1984, wanda ya haɗu da fari har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari, kuma shi ma ya wuce.

Mutane da dama sun ba ni shawara in ɗauko ta ta ɓarauniyar hanya, tunda kullum ana wucewa. Kawu ma ya goyi bayan haka. Inna ce ta ƙi. Ta ce tsohuwar da ba ta gani sosai, jini yana hawa, ba za a ɗora ta a bayan babur a ratsa yashi da kwazazzabai cikin damina ba. Da aka yi kaka jikin Iya ya tsananta, sai Inna ta ɗaura ɗamara ita ta tafi. Wani wuri a babur, wani wuri a ƙafa cikin karan gero, suna laɓewa in sun hango fitilar mota. Mace mai jikoki ta shiga ƙasar da aka binne cibiyarta kamar ɓarauniya, don kawai ta dama wa uwarta kunu. Wannan abu har yau yana ci mini rai.

Ranar 24 ga Fabrairun 2024 ECOWAS ta janye takunkumin. Ranar 13 ga Maris Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka, Nijar ta buɗe nata ɓangaren ranar 22 ga wata. A goman ƙarshe na azumi na ɗauki shatar mota na tafi. Rabuwar Iya da ƙauyenta ta fi ƙarfin abin da na zata. Ta raba awakinta ga jikokin da ke can, ta ba maƙwabciyarta turmi da tukwane, ta bi gida gida tana neman gafara. Matan unguwa suka rako ta har bakin mota suna kuka. Abin da ta riƙe a cinyarta ƙullin tufafi ne, da ƙwaryar furarta, da carbin marigayi.

A bakin iyaka jandarmomi suka duba katinta na 'yar ƙasa suka ba mu hanya. A ɓangarenmu wani jami'in shige da fice ya gaishe ta da ladabi, sannan ya tambaye ni kwana nawa za ta yi. Na ce ai ta zo ke nan. Ya jawo ni gefe ya ce, "Malam, a wurinka kakarka ce, a wurin doka baƙuwa ce. Kwana 90 take da su, bayan nan sai an nema mata takardar zama."

Da na dawo na bi diddigin maganar, na tarar gaskiya ya faɗa. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 kwana 90 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar ya zauna ba biza. Tsarin mulkin 1999 kuwa ya ba mutum zama ɗan Nijeriya ta hanyar iyaye ko kakanni, ya ba matar da ta auri ɗan Nijeriya damar yin rajista. Amma bai buɗe ƙofa ga uwa ko kaka ta samu ta hanyar ɗanta ko jikanta ba. Doka ta san yaro yana bin iyayensa, ba ta san cewa in tsufa ya zo iyaye ne suke bin 'ya'ya ba. Sannan ga shi Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS, ficewar da ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da mutunta takardun 'yan ƙasashen uku da zirga-zirgarsu har sai an ba da wata sanarwa. A kan wannan rangwame zaman tsofaffi irin Iya ya rataya.

Wani abokin karatuna da ke zaune a Kanada ya ce in gode Allah. A can, a lokacin, mai son ɗauko iyaye ko kakanni sai ya nuna shaidar samun kuɗi ta shekara uku, ya sa hannu zai ɗauki nauyinsu shekara 20, sannan ya jira ƙuri'a ta faɗo kansa. A Amurka ɗan ƙasa mai shekara 21 yana iya nema wa iyayensa, amma ban da kakanni. A Ingila tun 2012 sai an tabbatar tsohon yana bukatar kulawar da ba za ta samu a ƙasarsa ba. Na tausaya masa, domin mahaifiyarsa tana Gwiwa, ta waya kawai take ganin jikokinta. Sai dai su teku ce ta raba su. Mu tafiyar rabin yini ce, kuma zumuncinmu ya girmi iyakar.

Watannin farko a Kazaure sun yi wa Iya nauyi. Abinci sai an lallaɓa ta, da asuba ta tambaya ko an ba awaki dusa, sannan ta tuna ta yi shiru. A nan na gane cewa ɗaki mai kyau da magani a kan lokaci ba su ne kaɗai riƙon tsoho ba. Maiɗakina ce ta gano bakin zaren. Ta nemo wasu tsofaffi biyu a unguwarmu waɗanda su ma daga ƙasar Damagaram aka auro su, suka riƙa zuwa hira bayan la'asar. Ta kuma miƙa wa Iya damun furar gidan, ta ce ba wanda ya iya kamarta. Da aka yi mata aikin ido a Kano, ran da aka cire bandeji ta kama fuskar ƙaramar 'yata ta daɗe tana dubawa, ta ce kamar waccan sak. Waccan ɗin Inna take nufi, domin 'yar fari ce, har yau ba ta faɗin sunanta. Mahaifina kan zo daga Roni ranar Juma'a, ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsuguna a bayan labule su gaisa, ba wanda ya kalli wani.

Wata rana na tambaye ta ko tana so in mayar da ita gida ta ga dangi. Ta ce za ta so, in boda ba ta sake rufewa da ita a can ba. Sannan ta ƙara da cewa in rai ya yi halinsa kada mu wahalar da kanmu da ɗaukar gawa, inda ta cika nan za a binne ta, ƙasar Allah ɗaya ce.

Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, zai ratsa Kazaure da Daura. Hanyar kaya tana samuwa, saura hanyar mutane. Ina roƙon hukumomin Abuja da na Yamai, duk saɓanin da zai shiga tsakaninsu nan gaba, su bar ƙofa a buɗe ga marar lafiya da tsoho da mai zuwa jana'iza. Su kuma samar da takarda mai sauƙi, wadda shaidar mai unguwa da hakimi za ta wadatar, da za ta ba uwa ko kaka damar zama wurin 'ya'yanta ba tare da ƙirga kwanaki ba. Sarakunan Kazaure da Daura da Ringim da Gumel da Damagaram sun san gidajen nan, muryarsu za ta yi tasiri. Kai kuma mai karatu, in kana da tsoho a ƙetaren iyaka ko a ƙauyen da ka baro, kada ka jira sai ka gama gini ko albashi ya ƙaru. Zumunci a ƙafa yake. Je ka nemi yardarsa ka ɗauko shi tun yana iya sa maka albarka da bakinsa.