Ƙashin Da Ya Gagari Maɗori

A gindin hasumiyar Gobarau, cikin birnin Katsina, akwai wani dattijo maɗori wanda ya gaji sana'ar tun kaka da kakanni. Hannu ne ko ƙafa, babu irin karayar da bai ɗora ba da kara da tsumma. Ƙirji kaɗai yake shakka, domin ɗan Adam yakan yi numfashi wajen sau 20,000 a kwana guda, kowane numfashi kuwa sai haƙarƙari ya motsa. Abin da ba ya hutawa, ta ina za a ɗaure shi?

Ana nan sai ƙari ya fito wa babban ɗansa a ƙashin tsakiyar ƙirji. Likitoci suka ce sai an cire ƙashin tare da bakin haƙarƙarin da ke riƙe da shi. To, ba cirewar ce abin fargaba ba, gurbin ne. In aka bar shi haka, ƙirji yakan lotsa duk sa'ad da aka ja numfashi, zuciya da huhu su zauna ba garkuwa. An daɗe ana toshe irin wannan gurbi da raga da simintin ƙashi, ko da falankin ƙarfe wanda kusoshinsa kan saki.

Ɗan ƙanensa, ɗalibin likitanci, shi ya zo da labarin abin da ya auku a Asibitin Jami'ar Salamanka ta ƙasar Sifen cikin 2015. Wani mai shekara 54 ya kamu da irin wannan cuta, aka ɗauki hoton ƙirjinsa, kamfanin Anatomics na birnin Melbon a Ostareliya ya zana siffar ƙashin a kwamfuta, sa'an nan na'urar hukumar CSIRO ta riƙa narka garin ƙarfen titaniyam, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har ƙashi da haƙarƙarinsa suka fito daidai da jikin mai su. Kwana 12 da yin aiki aka sallame shi.

Dattijo ya yi shiru, ya ɗaga kai ya dubi hasumiya, wadda magina suka tayar da tubali jeri bisa jeri. Ya ce, "Ashe wannan ba ƙira ba ce, gini ne." Can kuma ya ce, "Nawa ne?"

Yaro ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, sai dai a fara da cirewar tukuna."

Kashegari bayan sallar asuba, dattijo ya aika aka kira dillali ya je ya duba gonarsa ta hanyar Jibiya.